Yadda ake gane shekarun ragon dutsen Amurka ta kahonsa

Mu nan in za mu sayi rago baki muke bude masa mu duba hakora, toh shi ragon dutsen nan da ake kira bighorn, wanda ke yawo a duwatsun yammacin Arewacin Amurka tun daga Kanada har gangarowa Meziko, ba zai tsaya maka ba balle ka taba bakinsa. Kahonsa ake karantawa, kuma wallahi abin yana burge ni.

Da farko ka tabbatar namiji kake kallo. Tunkiyar ma tana da kaho amma gajere ne siriri, kirga nata akwai wuya. Na ragon shi ne mai kauri da ke nadewa ta bayan kunne, biyun kan kai kilo 14.

Sai ka samu madubin hangen nesa ka tsaya can baya, a gandun dajin Yellowstone na kasar Amurka doka ce kar ka matso kasa da mita 23. Ka jira ya juyo maka gefe, ta gaba ba za ka ga komai ba.

Yanzu ka nemi zobba. Kahon nan ba ya faduwa, tun yana dan karami yake tafe da shi, yana girma lokacin dumi da ciyawa, in hunturu ya shigo abinci ya yi karanci ga kuma barbara wajen Nuwamba da Disamba sai girman ya tsaya, nan ne yake barin wani tsagi mai zurfi da duhu da ya zagaye kahon gaba daya. Kowane tsagi hunturu daya kenan. Ka fara daga tsini kana tahowa gindi.

Anan mutane ke rudewa. Akwai kananan layuka birjik a jikin kahon, wadannan ba shekara ba ne, in layi bai yi zurfi ba kuma bai zagaye duka ba ka tsallake shi. Sannan manyan raguna tsininsu yakan farfashe saboda karo, don in suka tashi gwabzawa da gudu suke haduwa har a jiyo karar daga nesa, to zoben shekarar farko sau da yawa ya tafi tare da tsinin. In ka ga bakin kahon a dakushe ka sa wannan a lissafinka.

Wajen gindi ka nutsu sosai, tunda rago yana tsufa girman kahon yana raguwa, zobban sai su matse kusa da juna har gashin kai ya rufe na karshe. In kahon ya yi cikakken zagaye, ragon ya kai wajen shekara 7 ko 8, kuma yawancinsu tsakanin 9 da 12 suke rayuwa.