Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen intanet na gida a arewacin Kamaru

Kuskuren da ya fi yawa, wanda ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa a Garwa, shi ne mutum ya sayi modem saboda abin da ya gani a allon talla, ko don wani ɗan'uwansa da ke Duwala ya yaba masa kamfanin. Ƙarfin rezo yana bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har ma daga ɗaki zuwa ɗaki. Na gwada layin wani kamfani a shagonsu da hantsi, bidiyo yana tafiya ba tangarɗa, na biya kuɗi na tafi. Amma bayan sallar isha'i, lokacin da kowa a unguwa ya ɗauki wayarsa, ko saƙon murya ba ya fita sai na tsaya a tsakar gida ina ɗaga na'urar sama. Maganin wannan ba shi da tsada. Kafin ka sayi komai, ka ari layin maƙwabci, ko ka sayi layukan MTN, Orange da Camtel ka zuba wa kowanne ɗan data, ka gwada su kwana biyu ko uku tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, a daidai ɗakin da modem zai zauna. Bangon siminti da rufin kwano suna danne sigina, don haka kusa da taga ya fi.

Sai kuma rashin fahimtar lambobin da ake rubutawa. Kamfanoni suna auna gudu da megabit, ita kuwa waya tana lissafin abin da ka sauke da megabait, kuma megabit 8 ne suke yin megabait 1. Wanda aka yi wa alkawarin megabit 10 a daƙiƙa, abin da zai samu bai wuce megabait 1 da kwata ba, shi ma idan layi ba cunkoso. Haka kalmar "illimité", wato marar iyaka, take ruɗin mutane, domin sau da yawa akwai adadin giga da idan ka cinye shi za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Ka tambayi wannan adadi kafin ka biya, musamman idan akwai yara masu kallon bidiyo, tunda kallon awa ɗaya yana iya cin kusan giga guda. Ka kuma tabbatar ko modem ɗin a kulle yake, wato ba ya karɓar layin wani kamfani.

Mutane da yawa suna mantawa da lantarki, alhali arewa ta dogara ƙwarai ga madatsar ruwa ta Lagdo, kuma idan ruwanta ya ja baya sai ɗauke wuta ya yawaita. Modem mai batir, ko ɗan ƙaramin sola da zai riƙe shi, ya fi amfani a nan fiye da wani babban tsari mai tsada da zai mutu da zarar wuta ta tafi.

Riƙe layin kamfani na biyu dabara ce mai kyau, sai dai kada a ɗauka ya gama magance katsewa. Manyan igiyoyin da ke kawo intanet daga gaɓar teku zuwa Ngaundere, Garwa da Marwa suna hannun Camtel, sauran kamfanoni haya suke yi, shi ya sa idan igiyar ta tsinke a hanya sukan raunana tare. An ga irin haka a watan Maris na 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a yammacin Afirka. Masu tunanin shigo da Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, daga ƙasashe maƙwabta kuwa su fara bincika matsayinsa a doka, domin Chadi ta ba shi lasisi a 2024, amma a wannan shekara ta 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin ƙwace na'urorinsa a kan iyaka.