Yadda za ka kare abin da ka ƙirƙira kafin ka fito da shi kasuwa

A ce ka haɗa wani injin ɓare gyaɗa da ba ya farfasa ƙwaya, ko murhun da ke cin rabin gawayin da na kasuwa ke ci. Abin da zai fara zo maka shi ne ka ɗauki bidiyo ka saka a Facebook jama'a su yaba. Don Allah ka dakata. Baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan harka haka doka ta tsara. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya, ta 1970, tana ba da takardar mallaka, wadda lauyoyi ke kira fatent, ga abin da yake sabo kaɗai, wato wanda ba a taɓa bayyana wa jama'a ba a ko'ina kafin ranar da ka shigar da takardunka. Kai da kanka idan ka bayyana shi, ka kashe sabuntarsa. Sannan haƙƙin na wanda ya riga shigar da takarda ne, ko da kai ka riga shi tunani.

To fara da littafi. Sayi mai ɗinki, ka rubuta komai da kwanan wata: zane, awo, irin ƙarfen da ka yi amfani da shi, gwajin da ya ƙi da dalilin ƙinsa. Littafin ba zai maye gurbin rajista ba, amma ranar da wani ya kwashe aikinka ya je ya yi rajista da sunansa, shi ne hujjarka a kotu.

Daga nan sai bincike, kuma nan ne mutane suka fi gudu, domin babu mai son ya gano an riga shi. Shiga Google Patents ko Espacenet, shafukan intanet da ke tara takardun fatent na ƙasashen duniya, duka kyauta ne, ka nemi injinka da kalmomi daban-daban, ka zauna ka duba zane-zanen. Wannan mataki ya fi nauyi a Najeriya saboda ofishin rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya tantance ko ƙirƙirar sabuwa ce. Za a iya ba ka takarda, ka biya kuɗi ka rataye ta a shago, daga baya kotu ta soke ta don wani ya nuna an yi irinta a Indiya tun da daɗewa. Idan ka tarar da makamancinta, kada gwiwarka ta yi sanyi. Doka ta yarda a yi rajistar gyaran da aka yi wa tsohuwar ƙirƙira, muddin gyaran sabo ne kuma ba abin da kowane makaniki zai hango da kansa ba.

Sai samfuri. Dole ka nemi mai walda ko mai juya ƙarfe, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko a garinku. Kafin ka buɗe masa zane, ku rubuta yarjejeniyar riƙe sirri, ku sa hannu gaban shaidu biyu. Na san da nauyi ka ce wa abokinka ko ɗan'uwanka ya sa hannu, amma rubutu ne ke raya zumunci idan kuɗi ya shigo. Wata dabarar kuma, ka raba aikin: wannan ya yi gangar jiki, wancan ya yi haƙoran, kai ka haɗa a gida. In kuwa ma'aikaci ne kai, kuma a bakin aikinka ka yi ƙirƙirar, ka sani doka ta ba wa wanda ya ɗauke ka aiki haƙƙin mallakarta, don haka duba takardar ɗaukarka aiki tun yanzu.

Rajistar kanta a Abuja ake yi, a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Za ka kai cikakken bayani, zane, da jerin abubuwan da kake cewa naka ne. Wannan jerin shi ne katangar gonarka, abin da ka bari a waje kowa na iya ɗauka, saboda haka a nan ne kuɗin lauya ya halatta. Hukumar NOTAP ta gwamnatin tarayya, mai kula da bunƙasa fasaha, ita ma tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su, ka tuntuɓe ta tukuna. Takardar tana aiki shekara 20 daga ranar shigarwa, da sharaɗin biyan kuɗin shekara-shekara. Ba ta tsallake iyaka, amma kana da wata 12 ka nemi kariya a wasu ƙasashen da wannan kwanan watan naka na farko. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya fi mu sauƙi a nan: Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi.

Bayan ka shigar, sai ka fito. Kai injin wurin mata masu ƙuli-ƙuli su yi mako guda suna aiki da shi, ka saurari ƙorafinsu, ka koma ka gyara. Marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai sanyaya tumatir da yalo ba tare da lantarki ba. Abin da ya ɗaga shi, ya sa magina tukwane na gida suka yi su da yawa, aka kai su ƙauyuka. Kai ma lissafa kuɗin ƙera guda ɗaya da abin da mai saye zai iya biya, sannan ka zaɓa: ka ƙera da kanka, ko ka ba wani kamfani izini a rubuce yana biyan ka kaso a kan kowane guda da ya sayar.