Yadda ake jinyar gwiwa a gida bayan tiyata

Ranar da aka sallamo mahaifiyata bayan aikin canjin gwiwa, mun ɗauka wahala ta ƙare. Ashe aikin likita ne ya ƙare, namu kuma ya fara. Abin da muka gane cikin makonnin nan shi ne, ana rage ciwo ne don maras lafiya ya samu ya motsa ƙafar, domin gwiwar da aka bari a kwance takan sandare, kuma in ta sandare sai an sha wuya kafin ta sake lanƙwasuwa.

1. A gyara ɗaki tun kafin a dawo. Katifar ƙasa ba za ta yiwu ba, a samo gado mai ɗan tsayi da kujera mai hannu wadda za a dafa a miƙe. A kwashe tabarmi, darduma da wayoyin caja daga hanya, a ajiye tocila kusa da gado. Babbar matsalar gidajenmu ita ce masai na tsuguno. A sayi kujerar bayan gida irin ta asibiti, kuma a riƙa tsane ƙasan banɗaki, don santsi ɗaya ya isa ya mayar da aiki baya.

2. A sha magani a kan lokaci. Kada a jira ciwo ya turnuƙe sannan a nemi ƙwaya. A rubuta lokutan a takarda a manna a bango, duk wanda ya bayar ya sa alama, musamman in masu jinya suna karɓa-karɓa. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 na miligiram 500, kuma a lura yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki. Ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda da wanda aka ɗora kan maganin tsinka jini kada ya taɓa su sai likita ya yarda. In an rubuta tramadol, a sha yadda aka rubuta kawai, a kulle shi inda yara da matasan gida ba za su kai gare shi ba. Yana kawo jiri da taurin bayan gida, don haka a yawaita ruwa, gwanda, lemo da miyar ganye. Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce daidaita shan maganin da motsa jiki: a sha kamar minti 30 zuwa 45 kafin a fara.

3. Ƙanƙara da ɗaga ƙafa. A naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan motsa jiki. Kada ta taɓa fata kai tsaye. In babu wuta, fiya wata daskararre daga wajen masu sayar da ƙanƙara ya wadatar. Mu kullum da hantsi muke aiken yaro ya sayo guda shida mu zuba a kula.

A kwanta a ɗaga ƙafar ta ɗara ƙirji tsayi, amma filon ya zauna ƙarƙashin ƙwauri da diddige. Kowa zai so cusa shi ƙarƙashin gwiwa saboda ya fi daɗi. Hajiya ta yi ta faɗa da mu a kan wannan, "ku bar min filona mana!", amma gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe takan ƙi miƙewa sosai, sai a ƙare da ɗingishi.

4. Motsa jiki, kaɗan-kaɗan amma kullum. A bi abin da likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ya koyar. Galibi sukan fara da uku: kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa don jini ya gudana, ɗaure naman cinya a danna bayan gwiwa kan gado na daƙiƙa 5, sai jawo diddige a hankali zuwa mazaunai. Burin farko shi ne gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasu digiri 90, daidai zaman kujera. A riƙa ɗan takawa da keken dogarawa ko sanduna sau da yawa a rana, ya fi doguwar tafiya ɗaya. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen saukowa kuma wadda aka yi wa aiki. Jin ja da ɗan zafi ba laifi ba ne. Ciwo mai suka kamar wuƙa kuwa, a dakata.

5. A kula da mikin. Bandeji ya zauna a bushe, a yi hattara da buta wajen alwala. Zare ko ƙarafan ɗinki akan cire su bayan kwana 10 zuwa 14. Salla a yi ta a kan kujera har likita ya ba da izinin durƙuso.

Masu dubiya za su zo da alheri da kuma shawarwari: wannan ya ce a gasa da ruwan zafi, wancan ya ce a kira maɗori, wata ta kawo man shafawa a kwalba. A yi godiya a ajiye. Gwiwar nan akwai ƙarfe da roba a ciki, in ƙwayar cuta ta shiga, sai an sake buɗewa.

6. Abin da ba a kwana da shi. Zazzaɓi, mugunya ko wari daga miki, ja da zafi da ke ƙaruwa, ko naman bayan ƙwauri ya kumbura ya yi tauri yana ciwo, a koma asibiti ranar. Wannan na ƙarshen yana iya zama gudan jini, shi ya sa ba a tsallake maganin tsinka jini, kuma ba a murza wurin. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗauki ciwo, a tafi nan take ko da tsakar dare ne.

Kumburi kan ɗauki watanni kafin ya saɓe gaba ɗaya, warkewa sosai kuma takan kai shekara. Ɗan ƙas-ƙas da gwiwar ke yi wajen tafiya, da rashin jin taɓawa a fatar gefen tabon ta waje, abubuwa ne da aka saba gani. Tuƙin mota sai wajen mako 6, shi ma bayan an daina shan maganin da ke sa barci.