Kurakuran masu sayen bindigogin gwanjon soja a Amurka

A Amurka akwai wata kasuwa da ta daɗe tana ci, ta tsofaffin bindigogin da sojojin ƙasashe suka jingine bayan sun sauya makamai. Daga 1891 an ƙera Mosin-Nagant ta Rasha kusan miliyan 37, Lee-Enfield ta Birtaniya ta haura miliyan 17, ga kuma Mauser K98k da Jamus ta fara rabawa sojojinta a 1935. Da yaƙe-yaƙe suka lafa, sai aka dulmiya su cikin giris aka jibge a rumbuna, daga baya dillalai suka riƙa kwasowa akwati-akwati. Abin da ke jan mutane a fili yake: ƙarfe ne da katako na gaske, kowace tana ɗauke da tarihi, kuma a da kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Ɗaya daga cikinsu ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Lee-Enfield ce sojojin Afirka ta Yamma suka saɓa a dajin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu har da Hausawa da dama. Amma a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62 cikin jerin waɗanda aka haramta wa farar hula. Saboda haka wannan bayani na can ne inda doka ta yarda a saya a ajiye, kamar Amurka, inda ma akwai lasisi na musamman ga masu tara bindigogin da suka shekara 50 da ƙerawa.

Kuskuren da sabon shiga ke fara yi shi ne zuwa kasuwa da farashin jiya a kansa. Ya ji labarin lokacin da ake sayen Mosin-Nagant ƙasa da dala 100, sai ya ɗauka har yanzu haka ne. Wancan zamani ya wuce. Rumbunan Gabashin Turai sun yi ƙasa, ba a ƙera sababbi, masu nema kuma sun ƙaru, yanzu sai an ajiye ɗaruruwan daloli. Harsashi ma haka: Amurka ta toshe shigo da na Rasha a 2021, kuma na wasu bindigogin, irin su Carcano ta Italiya ko Arisaka ta Japan, samunsa sai an tona. Araha ba ta ado. Wanda yake neman abin farauta kawai, sau da yawa sabuwar bindigar kanti ta fi masa sauƙi. Kafin ka ciro kuɗi, tambayi nawa ake sayar da harsashinta da inda ake samunsa, sannan ka duba farashin da aka sayar da irinta kwanan nan, ba wanda masu talla suka rubuta ba.

Daga nan sai babban kuskure, wanda ya fi kowane cin dukiya: gyaran da ba a nema ba. Mutum ya sayo bindiga mai shekara 80, ya ga katakon ya yi duhu, ga tabo nan da can, sai ya ɗauko sanfefa ya goge ta tas, ya shafa mata fenti mai ƙyalli. Wani ya datse katakon gaba don ta yi sauƙin ɗauka, wani ya huda ƙarfen ya ɗora madubin hangen nesa. A shekarun 1950 da 1960 an yi wa dubban bindigogi haka don a mayar da su na farauta, lokacin suna ko'ina kamar ba za su ƙare ba. Yau irin waɗannan ne ake sayarwa a ƙasƙance, wadda aka bari yadda take kuwa ita ce ake rububi.

Dalili shi ne darajar tana cikin alamomin da sanfefa ke cinyewa. A jikin Mosin akwai hatimin masana'antar da ta ƙera ta, tauraron Tula ko kibiya cikin alwatika ta Izhevsk, tare da shekara. Mauser ta Suwidin tana da ɗan faifan tagulla a gindi wanda ke nuna yanayin bututunta lokacin da aka duba ta. Arisaka tana da furen sarautar Japan a samanta, kuma yawancin waɗanda aka miƙa bayan 1945 an kankare furen, shi ya sa mai cikakken fure ta fi tsada. Wadda ta fi burge ni ita ce K31 ta Suwizalan: idan aka kwance farantin gindinta, sau da yawa akan tarar da 'yar takarda mai ɗauke da sunan sojan da aka ba ita da garinsu. Mai gaggawar gyara yakan jefar da irin wannan ba tare da ya san abin da ya yi ba. Abin da ake so kaɗan ne: a goge datti da tsumma mai laushi, a shafa wa ƙarfe mai kaɗan, a bar katakon da tabonsa. Idan dole sai an sauya wani abu, a ajiye na asalin a gefe, kar a yi abin da ba ya komawa.

Girisin ajiya ne kaɗai dole a cire shi duka, kuma nan ma ana sakaci. Da ya daɗe yakan daskare a cikin sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayan bututu, da ramin da harsashi ke kwanciya. A bindigar SKS ta Tarayyar Sobiyet wannan hatsari ne sosai, domin idan allurar da ke bugun harsashi ta maƙale saboda giris, bindigar na iya tashi da kanta lokacin da sakata ta rufe, ba tare da an taɓa kunama ba. A kwance sakatar a wanke ta har allurar ta riƙa motsi sakayau.

Akwai kuma masu sayen labari maimakon bindiga. Mai sayarwa ya ce wannan ta je yaƙin Stalingrad, waccan ta wani hafsan Jamus ce. In babu takarda, hira ce kawai. Jabu ya yi yawa musamman a wuri biyu: Mosin da aka ɗora wa madubi jiya-jiya a ce ta gwanayen harbi ce, da Mauser da aka buga wa sabon hatimin Jamus don a ninka kuɗinta. Sojoji kan buga lamba ɗaya a manyan sassan bindiga, saboda haka a duba ko ta sakata ta yi daidai da ta jiki. K98k da yawa da ke kasuwa waɗanda Tarayyar Sobiyet ta ƙwace ne a yaƙi, ta wargaza su, ta sake haɗawa ba tare da kula da wane sashe na wace ba, sannan ta zana sabuwar lamba a sakatar. Ba laifi ba ne a sayi irinsu, tarihinsu ma na gaske ne, amma kar a biya musu kuɗin wadda sassanta duk na asali ne. A kuma haska cikin bututu da tocila. Katako mai kyau da bututun da tsatsa ta rarake ba ciniki ba ne.

Kuskuren da ke kai mutum asibiti shi ne ɗauka cewa sunan bindiga ya isa ya gaya maka harsashinta. Ƙasashe sun sha sauya wa bindigogi bututu. Isra'ila ta mayar da Mauser da yawa masu cin 7.62 na NATO, Norwe ta mayar da nata .30-06. Indiya ta ƙera Ishapore 2A a shekarun 1960, kamarta ɗaya da Lee-Enfield ta .303, amma harsashinta 7.62 ne. Carcano akwai mai 6.5 akwai mai 7.35. Tsohuwar Gewehr 88 ta Jamus an fara ƙera ta da bututu mafi ƙunci fiye da na Mauser na baya, duk da cewa dukansu ana ce musu milimita 8. Wasu kuma ba na harbi ba ne sam: Japan ta ƙera bindigogin atisaye masu kama da Arisaka waɗanda ba a yi su don harsashin gaske ba, kuma hukumar CMP, wadda ke sayar wa Amurkawa tsofaffin bindigogin sojan ƙasar, tana gargaɗin kar a harba M1903 ta masana'antar Springfield mai lamba ƙasa da 800,000, saboda matsalar da aka samu wajen gasa ƙarfen na farko-farko. Maganin duk wannan ɗaya ne. Kafin harbin farko a kai ta wurin ƙwararren maƙerin bindiga ya tabbatar da irin harsashinta, ya auna tazarar da ke tsakanin sakata da mazaunin harsashi, ya duba tsagewa a ƙarfe da katako. Kuɗin wannan dubawa bai kai na ɗinkin fuska ba.

M1 Garand, bindigar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, tana da nata taka-tsantsan: an tsara ta ne da harsashin soja na zamaninta, kuma wasu harsasan farauta masu nauyi na iya lanƙwasa sandar da ke tura sakatarta.

Sai batun wanki, inda bindigogi masu kyau da yawa suka lalace a hannun masu su. Yawancin tsofaffin harsasan soja, musamman na Gabashin Turai da Sin, abin da ke tayar musu da wuta yana barin wani gishiri a cikin bututu. Gishirin na jawo laima daga iska, kuma a wuri mai danshi tsatsa na iya bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutane sukan zuba man bindiga su ɗauka sun gama, alhali mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne ke narkar da shi. A ranar da aka yi harbi a zuba ruwan zafi ta cikin bututu, a goge fuskar sakata, a busar sosai, sannan a sa mai. A bindigogi masu aiki da hayaƙin harbi kamar SKS, a wanke har bututun hayaƙin. Duk harsashin gwanjon da ba ka tabbatar da shi ba, ɗauke shi a matsayin mai gishiri. Wannan ne ma ya sa ake yawan samun K31 da bututu mai sheƙi: harsashin GP11 na Suwizalan ba ya barin wannan gishiri. Tsohon harsashi kuma yakan yi jinkirin tashi. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, ka ci gaba da nuna bakin bindiga inda ake harbi, ka jira kamar minti ɗaya kafin ka buɗe sakata.

Doka ma ana yi mata riƙon sakainar kashi, ana ganin tsufan bindiga ya fitar da ita daga lissafi. Galibi ba haka ba ne. Carcano ɗin da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963 ta gidan waya aka sayo ta, kuma wannan na cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1968 wadda ta hana aika bindiga kai tsaye ga mai saye, ta kuma rufe shigo da na gwanjon soja har zuwa 1984 da aka sassauta wa waɗanda suka zama kayan tarihi. Lasisin masu tarawa na tarawa ne, bai ba ka damar buɗe kasuwanci ba, kuma dole ka riƙa rubuta abin da ya shigo hannunka da abin da ya fita. Jihohi kuma kowace da nata ƙa'idojin: abin da ya halatta a Texas na iya zama laifi a Kalifoniya ko New York, don haka mai shirin ƙaura da tarinsa ya binciki dokar jihar da zai koma tun kafin ya ɗaure kaya.