Maƙwabtanku Yahudawa a New York: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

'Yan'uwa sababbin zuwa, ko daga Maraɗi kuka fito, ko Kano, ko Kumasi, da wuya ku yi wata guda a New York ba ku yi hulɗa da Bayahude ba. Wataƙila shi ne mai gidan da kuke haya, ko likitan yara, ko lauyan da ke riƙe da takardunku. Mata masu aikin kula da tsofaffi kuwa cikin gidajensu ake tura su. Yahudawan cikin birnin nan kaɗai sun kusa miliyan 1. Mu kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, sai dai a wa'azi da labaran rediyo, don haka muke zuwa da hoto ɗaya tak a zuciya. Hoton nan shi ke jefa mutanenmu cikin kuskure a wurin aiki.

Mutanen nan sun sha bamban da juna ƙwarai, kuma sau da yawa abin da ya raba su shi ne shekarar da kakanninsu suka samu jirgi da garin da suka baro. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 suka gudo Amurka daga Gabashin Turai saboda talauci da hare-haren da ake kai wa ƙauyukansu. A 1924 Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofar. Wanda ya tsallako kafin nan, jikokinsa ne yau suke likitoci da malaman jami'a. Ƙaninsa da ya tsaya tara kuɗin jirgi sai Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da shi, kuma 'yan Nazi suka kashe Yahudawa miliyan 6. A 1939 jirgin ruwan St. Louis ya ɗauko mutum 937, Kuba da Amurka suka ƙi karɓar mafi yawansu, aka mai da su Turai, 254 daga ciki suka halaka. Idan tsohuwar da kike jinya ta fara ba ki labarin mahaifinta da 'yan'uwansa da ba su samu fitowa ba, ki zauna ki saurara. Ba surutun tsufa ba ne.

Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Da yawa daga cikin 'yan Nijar da Ghana da ke Bronx ƙuri'ar biza ce ta kawo su: abokai biyu suka cike takarda rana ɗaya, kwamfuta ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. 'Yan Najeriya ma an cire su daga ƙuri'ar tun zagayen 2015. Mun ce rabo ne da ƙaddarar Allah, kuma haka ne. Amma ku duba yadda rabon nan yake shiga har cikin harshen da yaro zai tashi da shi da irin riƙon da zai yi wa addini.

Haka ya faru da Yahudawan nan. Jikokin waɗanda suka zo da wuri da yawa sun saje da Amurkawa. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 9 cikin 100 ne kawai na Yahudawan Amurka suke Otodoks, wato masu tsananin bin shari'arsu, kuma kashi 27 sun ce su Yahudawa ne ta haihuwa da al'ada amma ba su bin addini. Wannan yana ba Bahaushe mamaki, domin a wurinmu wanda ya bar imani ya bar sunan. A wurinsu, bisa shari'ar gargajiya, duk wanda Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, ko yana ibada ko ba ya yi. Masu baƙaƙen riguna da dogon gashi a gefen kunne da kuke gani a unguwar Williamsburg ta Brooklyn kuwa, yawancinsu zuriyar waɗanda suka tsira daga Hungary da Romaniya ne bayan yaƙi. Sun ga an shafe garuruwansu, sai suka ƙudurta ba za su saki ko zare ɗaya na al'adarsu ba, har yau Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, suke yi a gida. A wajen Ocean Parkway akwai zuriyar Yahudawan Halab na Siriya, a Rego Park ta Queens akwai 'yan Bukhara da suka zo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, a Great Neck akwai 'yan Iran da juyin juya halin 1979 ya tarwatso. Waɗannan kakanninsu sun yi ƙarnoni suna zaune da Musulmi, sun san azumi, sun san kiran salla.

Saboda haka kada ku ɗora wa kowa maganar Falasɗinu tun ranar farko. Abin yana mana ciwo, ni ma yana min. Amma a kan Isra'ila su kansu a rabe suke: ɗariƙar Satmar ta Williamsburg, wadda malaminsu Rabbi Joel Teitelbaum ya sake kafawa a nan bayan yaƙi, tana adawa da aƙidar sahayoniyanci, wasu suna goyon bayan Isra'ila da zuciya ɗaya, wasu matasansu kuma suna fita zanga-zangar Gaza. A wurin aiki, zagin mutum saboda addininsa yana iya raba ku da aikin, kuma dokar da ta hana hakan ita ce take kare hijabinku da sallar Juma'arku.

Idan gidan masu riƙon addini aka tura ku, ga abin lura. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar ba sa kunna wuta, ba sa tuƙi, ba sa taɓa waya ko kuɗi. Kada ku kashe fitilar da kuka tarar a kunne, da gangan aka bar ta. A kicin ba a haɗa nama da madara: tukwane daban, cokula daban, wani gidan har wurin wanke-wanke biyu ne. Kada ku shigar da abincinku cikin tukunyarsu ko firij ba tare da tambaya ba, domin kuskure ɗaya yana iya sa a daina amfani da kwano. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu, mace ma haka, wannan dai mun saba da shi. Lokacin Idin Ƙetarewa, wajen Maris ko Afrilu, suna fitar da burodi da duk abin da aka sa wa yisti daga gida har kwana 8. Ku tambaya kai tsaye, “Me ya halatta in taɓa a nan?” Suna jin daɗin tambayar.

Abincinsu na kosha, wato wanda shari'arsu ta halatta, yana taimakonmu a kanti. Alamar harafin U cikin da'ira a jikin kwali tana nufin babu alade a ciki. Malamai da yawa sun halatta yankansu bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, amma ku tambayi malaminku, kuma ku karanta jikin kwalin, domin giya tana iya zama kosha.

Makarantun gwamnati na birnin suna rufewa ranar sabuwar shekarar Yahudawa da ranar babban azuminsu, Yom Kippur, wajen Satumba ko Oktoba. Tun 2015 aka shigar da ƙaramar Salla da babbar Salla cikin jerin hutun. A duk waɗannan ranakun ana ɗage dokar matsar da mota don sharar titi, amma kafin ku bar mota a inda take, ku duba kalandar birnin ko ku kira 311, lambar neman bayani ta hukumar birnin.