Yadda ake zaɓen gilashin kamara mai jawo nesa da yadda ake aiki da shi a ranar Yamai da ƙurarta

Duk mai ɗaukar hoto da ya taɓa tsayawa a bakin filin kokowa da ƙaramin gilashin da aka sayar masa tare da kamara ya san takaicin komawa gida ya tarar ƴan kokowar sun fito ƙanana kamar tururuwa a tsakiyar rairayi, alhali kayen da ya tayar da fili duka a gaban idonsa aka yi shi. Daga nan ne yawanci sha'awar sayen gilashi mai jawo nesa take farawa, wato dogon gilashin nan mai zum da masu hoto a Yamai suka fi kira da sunansa na Faransanci, objektif. Kaya ne mai tsada, domin sabo na ƙwararru yana haura miliyan guda na sefa, saboda haka tambayar da ta kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce inda zai riƙa tsayawa da irin hasken da zai samu a wurin, tun kafin ya tambayi sunan kamfani.

Lambobin da ke jikin gilashi iri biyu ne. Na farko milimita, kamar 70-200mm, su ne suke nuna iyakar jawowarsa. Ga lissafi mai sauƙi da ya isa a yanke shawara da shi: a kan kamara mai cikakkiyar sansa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kamara, wadda faɗinta milimita 36 ne da tsayi 24, idan aka murɗa gilashi zuwa 200mm kuma abin da ake ɗauka yana nisan mita 20, hoton zai ƙunshi faɗin mita 3.6 da tsayin mita 2.4. Wannan ya isa ya cika hoto da ƴan kokowa biyu a sarƙe. Idan nisan ya kai mita 50, faɗin ya zama mita 9, tsayin kuma mita 6, wato raƙumin dawa zai cika hoton amma mutum zai koma ƙarami. Wanda kamararsa ke da ƙaramar sansa sai ya ninka lambar, sau 1.6 a Canon, sau 1.5 a Nikon da Sony, don haka 200mm zai yi masa aiki kamar 320 ko 300. Riba ce a filin wasa, amma hasara ce a cikin ɗaki, domin 70mm ɗinsa ya koma fiye da 100, kuma bango ba zai bar shi ya ja da baya ba.

Lamba ta biyu ita ce ta ƙofar haske, wadda ake rubutawa f/2.8 ko f/4, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin ƙofar. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da ninki biyu na hasken mai f/4, da ninki huɗu na mai f/5.6. Abin da ya bambanta gilashin ƙwararru da masu araha irin 70-300mm shi ne ƙofarsa ba ta tsukewa idan an jawo, tana nan a f/2.8 daga farkon zum har ƙarshe, yayin da mai arahar yake farawa a f/4 ya ƙare a f/5.6, daidai lokacin da ake neman hasken.

A nan ne mutane da yawa suke kashe kuɗin da ba su buƙatar kashewa. Mai aikin biki da suna da tarukan dare, inda fitilun zaure ba su da ƙarfi ko kuma wuta ta ɗauke an koma kan inji, ba shi da zaɓi sai f/2.8, domin ita ce abincinsa. Amma wanda aikinsa na rana ne, kamar sukuwar dawaki, ƙwallo da la'asar a filin Seyni Kountché, hawan salla ko kasuwar dabbobi, ya tuna cewa haske ba ya cikin abubuwan da ƙasar nan ta rasa. Gilashi 70-200mm mai f/4 zai ba shi hoto garau, da kusan rabin nauyin, kuma sau da yawa da kusan rabin kuɗin. Batun nauyi kuwa ba ƙarami ba ne. Canon EF 70-200mm f/2.8 kashi na biyu, wanda ya fito a 2010 kuma har yanzu yana yawo a hannun masu hoto, yana da kusan kilo ɗaya da rabi, na Nikon da ya fito a 2016 yana da giram 1,430, na Canon mai f/4 kuwa bai kai giram 800 ba. Sababbin da aka yi wa kamarori marasa madubi sun rage nauyi, domin na Canon RF na 2019 yana da giram 1,070, na Sony kashi na biyu na 2021 kuma giram 1,045. Wanda ya wuni da kilo ɗaya da rabi a wuyansa cikin zafin Afrilu ya san bambancin tun kafin azahar.

Masu son tsuntsaye a bakin kogi ko raƙuman dawa na Kure, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai, za su fi jin daɗin 100-400mm ko 150-600mm na Sigma da Tamron, wanda nauyinsa yake kusan kilo biyu kuma ƙofarsa take tsukewa zuwa f/6.3. Akwai kuma ƙaramin gilashin ƙari da ake sanyawa tsakanin kamara da babban gilashi: mai ninki 1.4 yana mayar da 200mm f/2.8 ya zama 280mm f/4, mai ninki 2 kuma 400mm f/5.6. Na farkon yana da amfani, na biyun kuwa yana rage kaifin hoto yadda ido zai gani. Ba kowane gilashi ne yake karɓarsa ba, kuma Canon RF na 2019 da aka ambata yana cikin waɗanda ba sa karɓa.

Kafin a biya kuɗi a tabbatar bakin gilashi ya dace da bakin kamara. Gilashin Canon EF yana hawa kamarar RF ta hanyar adafta, haka na Nikon F yana hawa Nikon Z da adaftar FTZ, amma akasin haka ba ya yiwuwa, sabon gilashi ba ya hawa tsohuwar kamara. Sigma da Tamron suna yin gilashi ɗaya da baki daban-daban, don haka wanda zai yi saƙo daga waje ya rubuta wa ɗan saƙon sunan kamararsa cikakke, kada ya tsaya a kan cewa Canon ce.

Sayen na hannu

Yawancinmu na hannu muke saya, kuma babu laifi a ciki muddin an duba da kyau, a kuma je da kamarar da za a yi aiki da ita. A cire murafe biyun a haska fitilar salula ta baya ana leƙawa ta gaba. Ƴan ƙwayoyin ƙura a ciki ba abin damuwa ba ne, kusan babu tsohon gilashin da ba shi da su, kuma ba sa fitowa a hoto. Abin gudu shi ne funfuna, wadda take bayyana kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyoyin ganye, ita kuwa an fi samunta a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku masu danshi, tana kuma cin rufin gilashin har ta bar tabo ko an wanke ta. A murɗa zoben zum daga farko zuwa ƙarshe a hankali, idan ana jin ƙaras-ƙaras to rairayi ya shiga. A duba bakin gaba inda ake murɗa filta, domin lanƙwasa a wurin shaida ce ta faɗuwa, kuma gilashin da ya faɗi yakan ba da hoto mai kaifi a gefe ɗaya, dishi-dishi a ɗayan. Hanyar gane wannan ita ce a ɗauki hoton bangon bulo kai tsaye, a 70mm da 200mm, ƙofa a buɗe duka, sannan a faɗaɗa kusurwoyi huɗun a gwada su. A ƙarshe a saurari injin saiti, mai daidaita gilashi don hoto ya fito garau, da na hana rawa, wanda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, Tamron VC, Sigma kuma OS. Ɗan sauti mai laushi daidai ne, amma ƙugi ko hoton da yake tsalle a cikin mahangi alama ce ta gyara mai tsada, kuma kayan gyaran sai an yi odarsu daga waje.

Riƙo da saiti

Dogon gilashi yana girmama abin da ke nesa, haka kuma yake girmama rawar hannu. Hannun hagu ne yake ɗaukar nauyin daga ƙarƙashin gilashin, gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari, hannun dama kuwa aikinsa latsawa kawai. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin ƙiftawar kamara kada ya gaza tsawon gilashin, wato a 200mm kada a sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa, a ƙaramar sansa kuma 1/320. Injin hana rawa yana ba da damar sauka ƙasa da haka, sai dai rawar hannun mai ɗauka kaɗai yake magancewa, ba ya tsayar da wanda ake ɗauka. Don haka a kokowa ko ƙwallo ana buƙatar 1/1000 ko fiye, a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, idan rana ta yi sanyi, domin hoto mai ɗan tsakuwa ana iya sayar da shi, wanda ya shafe kuwa sai gogewa. A sa saiti mai bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. Akwai kuma wani ƙaramin makunni a jikin gilashi da mutane suke mantawa, wanda yake hana shi neman saiti a kusa. Idan an kunna shi a fili, gilashin zai rage kai-komo a lokacin da wani ya gitta ta gabansa.

Gasar Takobi ta kokowar gargajiya, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma take zagaya jihohi takwas na ƙasar, ita ce makarantar da ta fi kowace koyar da amfanin zum. A 70mm ana ɗaukar shigowar ɗan kokowa da makaɗansa da masu yi masa kirari, a 200mm kuma ana ɗaukar fuska da gumi da layun da ke damtse, ba tare da an motsa daga wuri ba. A durƙusa ƙasa-ƙasa domin ƴan kokowa su fito da kwarjini, a zaɓi gefen da rana take baya ko a kafaɗa, kuma kada a sauke kamara da zarar an yi kaye, domin tsallen wanda ya yi nasara da fuskar wanda ya faɗi sukan fi kayen kansa. Mai wuni a fili ya nemi sanda mai ƙafa ɗaya, ya ɗaura ta a zoben da ke jikin gilashin, kada ya ɗaura a gindin kamara, domin nauyin zai iya lalata bakinta.

A hoton amarya kuwa, abin da ake nema shi ne narkewar baya, inda kujeru da rumfa da jama'a suke komawa launi mai laushi. Amma f/2.8 tana da tarko: a 200mm da nisan mita 5, abin da zai fito garau bai wuce kaurin santimita 10 ba, a mita 3 kuma kimanin santimita 4 ne. Saboda haka a ɗora saiti a kan idon da ya fi kusa, idan kuma amarya da ƙawayenta ne a jere biyu, a tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya za su fito biji-biji, kuma uwar amarya ba za ta karɓi bayanin fasaha ba.

Akwai iyakar da kuɗi ba sa ƙetarewa, ita ce iskar da ke tsakanin gilashi da abin da ake ɗauka. Idan ƙasa ta ɗauki zafi, daga hantsi zuwa la'asar, iskar da ke samanta tana kaɗawa kamar kawalwalniya, kuma dogon gilashi yana tattara wannan kaɗawar ya zuba ta cikin hoto, sai layuka su karkace, kaifi ya tafi. Mutane da yawa sun zargi gilashinsu da lalacewa alhali rana ce. Haka hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yake wanke launin duk abin da ya yi nisa. Maganin duka biyun ɗaya ne, a matsa kusa gwargwadon iko, a yi aikin nesa da sassafe ko da yamma liƙis. Shi ya sa nake ganin 200mm a nisan mita 20 ya fi 600mm a nisan mita 60, ko da yake girman abin a hoto ɗaya ne.

Ƙura kuwa sai dai a rage ta. Gilashin da tsawonsa ba ya canzawa idan ana zum, irin tsofaffin 70-200mm na Canon da Nikon, ya fi dacewa da mu, domin mai fita yana komawa yana shaƙar iska a kowane murɗi. A sa filta mai kariya ta kirki a gaba, yawanci mai faɗin 77mm, a bar hular gilashi a kai kullum domin tana tare hasken gefe tana kuma karɓar bugu. Kada a canza gilashi a fili, a shiga mota ko ɗaki, bakin kamara yana kallon ƙasa. Wajen gogewa a fara da robar hura iska, sannan buroshi mai laushi, ƙyalle a ƙarshe, domin gogewa da gefen riga a kan ƙura daidai yake da gurzawa da yashi. Kada a bar jaka a cikin mota a rana. Farin fentin da Canon ke yi wa manyan gilasanta an yi shi ne don rage ɗaukar zafi, amma bai isa ya kare man da ke ciki daga zafin rufaffiyar mota a watan Mayu ba. Da damina kuma, idan an fito daga ɗaki mai sanyi, a bar gilashi cikin jaka na ɗan lokaci kafin a buɗe, don kada ya yi raɓa.

Dogon gilashi yana jan ido, kuma yana ba mutum ikon ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba. A kasuwa ko a unguwa a fara da sallama, a ce, "Baba, ko ka yarda in ɗauke ka hoto?" ko "Hajiya, da izininki", idan an ƙi a sauke kamara. Kusa da barikin soja, filin jirgin sama, gadoji da gine-ginen gwamnati kuwa a mayar da shi jaka tun daga nesa, wanda kuma zai fita wajen gari kamar Kure ya fara tambayar halin hanya, ya tafi da ɗan jagora na wurin, ya riƙe takardar aikinsa a aljihu.