Kurakuran da muke tafkawa a gaban na'urar auna haske, da yadda ake gyara su

Jiya wani ƙanina mai karatun haɗa magunguna a nan Jidda ya kira ni ransa a ɓace, wai Yaya na'urar mukhtabar ɗinmu (ɗakin gwaje-gwaje) ta lalace, lambobina sun ƙi hawa layi. Na ce turo min hoton aikin tukuna. Ina gani na san na'ura lafiyarta ƙalau.

Shi sifektiroskofi ba tsafi ba ne, haske ake turawa cikin abu a ga wane launi ya shanye wane ya bari ya wuce, kuma kowane sinadari da irin nasa zaɓin. Da haka aka gano heliyam a hasken rana a 1868 tun ba a same shi a doron ƙasa ba, da shi kuma ake auna sukarin jini a asibiti. Matsalar dai ita ce na'urar ba ta musu, ko me ka zuba mata sai ta ba ka lamba.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne bilank, ya'ani ruwan da babu samfur a ciki da ake saita sifirin na'ura da shi. Kafin ka auna samfur dole ka saita sifiri da ainihin ruwan da ka narka abin a ciki, in da etanol ka narka to etanol za ka sa, ba wai ka ɗebo tataccen ruwa don shi ne kusa da hannunka ba. In ka canja tsawon zangon haske kuma sai ka sake saita sifirin, wannan kam kusan kowa na mantawa.

Sai kauri, nan ƙanin nawa ya faɗi. Dokar Beer da Lambert ta ce gwargwadon yawan sinadari gwargwadon hasken da zai shanye, to amma fa tana da iyaka a aikace. In na'ura ta nuna 1, kashi 10 cikin 100 na hasken ne kawai ya tsallake, in ta nuna 2 saura kashi 1 tal, ya'ani kusan a duhu take lalube, shi kuwa nasa har 2.8 ya kai yana ta murna wai sakamako ya yi ƙarfi. Ka tsinka shi har ya dawo tsakanin 0.1 da 1, ka rubuta sau nawa ka tsinka don ka ninka a lissafi, khalas.

Ƴar kwalbar da ake kira kubet ma ana wulaƙanta ta. Faɗinta santimita 1 ne, gefe biyu garau gefe biyu dishi-dishi, a dishin ake riƙewa. Mutum ya gama cin shawarma ya zo ya dafa inda haske ke bi! Goge ta, duba ko akwai kumfa, ka riƙa sa ta fuska ɗaya kullum. Kuma ta gilashi ko roba ta gama-gari ba ta yi a UV, hasken da ke gaba da shuɗi-ja wanda ido ba ya gani, don ita kanta shanye hasken take, in DNA za ka auna a tsawon zango nanomita 260 ko furotin a 280 nemi ta kwatz (wani dutse garau kamar gilashi), tana da tsada shi ya sa duktur, malamin mukhtabar, ke ɓoye ta a durowa.

Wasu kuma launin da ido ya gani suke saita na'ura a kai. Ai launin da ka gani shi ne wanda ya tsira. Sinadarin famanganet shuɗi-ja yake amma kore yake sha, wajen nanomita 525. In ba ka sani ba sa na'ura ta bi zangon duka ka ga inda ya fi tashi.

Fitila ma a bar ta ta yi ɗumi kamar minti 20 zuwa 30, ban da gaggawa.

Masu aikin IR kuwa, ya'ani auna samfur da hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, mu a Jidda raɓar Bahar Maliya ce ke cin amanarmu. KBr, gishirin da ake haɗa samfur da shi kafin a auna, yana zuƙar danshi kamar soso, ka bar shi a buɗe ka tafi sallar la'asar ka dawo sai ka ga wani ƙaton tudu a zanen sakamako wajen lamba 3400, ka rantse samfurinka na da O-H (haɗin oksijin da haidirojin irin na ruwa) alhali danshin iska ne. Busar da shi a oben, ajiye a tukunyar busarwa, ka sake ɗaukar bakgirawun, ya'ani awo ba tare da samfur ba, kafin kowane zama. Ɗan tsinin da ke fitowa wajen 2350 kuwa CO2 ne, sau da yawa ma numfashinka ne don ka sunkuya a kan na'urar.